Masu Tabarma a Ƙarƙashin Maɗaci

Injin yankan nan da kuka sayo, ku ajiye shi gefe tukuna, ku zauna. Na ji ɗayanku yana cewa aikin namu ba wani abu ba ne, hawa ne da yanka da saukowa. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya shiga lambun shaƙatawa ranar Sallah, ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya buɗe kwanon shinkafa, yara suna ta guje-guje a gabansa, ba ya ɗaga kai ya tambayi wa ya duba reshen da ke bisa kansa. Mu ne muke dubawa. Askin itatuwa muke yi, kuma in mun yi shi daidai babu wanda zai san mun zo.

Aikin farko da na bi Baba Arzika, maigidana da ya koya mini sana'ar, wani layin dogon yaro ne a wani lambu nan Birnin Kebbi. Na tafi da zumuɗin hawa. Ya miƙo mini igiya ya ce in tsaya ƙasa. Haka na yi ta tsayuwa ƙasa har damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ina riƙon igiya ina jan rassa ina wasa adda. Kafin ya bar ni in taka icce sai da ya koya mini ƙwanƙwasa. Za ka ɗauki gatari ka juya bayansa, ka bugi gindin icce, ka kasa kunne. Lafiyayyen icce amsarsa gajera ce, tana tsayawa nan take. Wanda gara ta cinye cikinsa sai ya amsa maka kamar ganga. Akwai kuma wanda ke tsakani, shi ne mai kashe mutum, don daga waje kore shar yake.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Igiya biyu, ta jiki da ta reshe, kuma ba a taɓa musanya su. Adda, gatari, zarton hannu, dutsen washi, da ɗamarar da kake ratayawa a ƙugu. Inji daga baya ya zo. Ina amfani da shi, ban ƙi shi ba, amma a ƙasa, wurin daddatsa abin da ya riga ya faɗo. A sama na fi son zarto, saboda reshe yana yin kuka kafin ya karye, wani ɗan ƙara siriri kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Inji yana rufe maka kunne. Sai dai ka ga abu ya tafi.

Kowane icce da halinsa. Mangwaro mai amana ne, in ka taka reshensa zai ɗauke ka. Turare maƙaryaci ne, rana tsaka babu iska zai saki reshe mai kaurin cinyar sa. Gawo zai yage maka riga da fata. Maɗaci kuwa nauyi gare shi, abin da ka ɗauka mutum biyu za su ɗaga, sai ka ga ya nutse cikin ƙasa. Ban da zuma, da rina, da macijin da ya riga ka hawa. Masu kiranmu su ma da halinsu. Wani Alhaji a Gesse ya taɓa sa ni in rage masa dogon yaron ƙofar gida saboda yana taɓa wayar lantarki, da na gama ya fito ya ce ina inuwarsa. Masu kula da lambuna kuwa yawancinsu ba sa nemanka sai reshe ya faɗo ya fasa benci.

Amma babban abin da ke cikin sana'ar nan ba icce ba ne, mutumin ƙasa ne. Nawa Labbo ne, sa'ana, tare muka tashi a Badariya. Ƙa'idarmu ɗaya ce. In reshe ya kusa, ni da ke sama zan ce, “Ƙasa?” Shi zai duba ko'ina, in babu mutum babu dabba, ya ce, “Hili!”, wato fili. Sai na ji wannan kalma nake ƙarasa yanka. Ganye yana tare wa na sama ido, shi ya sa na ƙasa ne idonsa. In na ƙasa ya yi ƙarya, ko na sama ya yi gaggawa, gawa za a ɗauka.

Shekarar da gulbi ya yi ambaliya ya cinye fadama, ita ce shekarar da ta fi kowace muni a wurinmu. Shinkafa ta nutse, mutane suna neman abin kaiwa baki, wa zai kira mai askin icce? Itatuwan da suka faɗi kuwa masu neman itacen girki sun riga mu. Muna cikin wannan zama aka aiko mana daga Argungu. Wani lambun shaƙatawa ne a bakin gulbi, na wani ɗan kasuwa, mai lilo na ƙarfe da bencuna da tankin ruwa a bisa dogayen ƙafafu. Ruwa ya kwanta a cikinsa ya daɗe, da ya janye sai manyan itatuwan suka fara bushewa ta sama. Sallah ta matso, mai wurin yana son buɗewa, an ce a zo a sauke matattun rassa kafin jama'a su cika wurin.

Mun isa da hantsi. Mai gadin wurin, wani dattijo siriri mai suna Malam Cindo, ya buɗe mana ƙofa, muka shiga, ya mayar ya sa kwaɗo. Ku riƙe wannan: ya kulle ƙofar a gabana, kuma katanga ta zagaye wurin. Lakar da ruwa ya bari ta bushe ta tsattsage, kana takawa tana ɓarewa. A jikin kowane icce akwai zanen inda ruwa ya tsaya, ya kai ƙirjin mutum. Abin da na fara lura da shi shi ne babu tsuntsu. Lambu a bakin gulbi, da hantsi, ko kurciya ɗaya ba ta kuka.

Babban aikin wani tsohon maɗaci ne a tsakiyar lambun. Yana da mataccen reshe da ya miƙe can, ƙarshensa ya karkata wajen lilon yara. Ba a sakin irin wannan kai tsaye. Na hau, na ɗaure shi da igiyar reshe, na zarga ta cikin wata gwafa da ke sama da shi, na jefa wa Labbo bakin. Shi kuma ya kai ta gindin wata kanya da ke gefe ya naɗa, don in reshen ya tsinke ya riƙa sassautawa a hankali, yana janye shi daga lilo. Kanyar nan ita kaɗai ce a daidai inda igiya za ta ja. Sauran itatuwan ko sun yi nisa, ko suna ɓangaren da bai dace ba.

Na sare reshen ta ƙasa, kamar yadda ake yi don kada ya yage jikin uwar. Na koma ta sama da zarto. Na ci fiye da rabi, na ji ya fara ɗan motsi a ƙarƙashin hannuna, sai na tsaya na ce, “Ƙasa?”

“Hili!” in ji Labbo.

Na leƙa ta tsakanin ganye don in ga inda zai sauka. Sai na ga tabarma.

Daidai ƙarƙashin reshen take, a shimfiɗe. Mutum biyu ne a kanta, wani tsoho da malafa a bisa gwiwarsa, da wata mata ta ajiye kwano ɗaure cikin ƙyalle a gabanta. Daga sama ba ka ganin fuska, tsakiyar kai kake gani da kafaɗu. Ba sa ci, ba sa magana, sun fuskanci gulbi. Tufafinsu a jiƙe suke sharkaf, tabarmar ta yi baƙi da ruwa, alhali ƙasar da ke kewaye da ita a bushe take ƙamas.

Na ce, “Labbo, hili kac ce? Ga mutane nan zaune!”

Ya ɗago kai yana kare rana da hannu. “Waɗanne mutane, Manu?”

“Ga su nan ƙarƙashin reshe, tsoho da mace. Tashe su!”

“Wallahi babu kowa wanga wuri. Rana ta ta buge ka.”

Kafin in hana shi, ya ɗaure igiyar a jikin kanya, ya tako ya zo don ya nuna mini. Ya tsaya a gefen tabarmar, ya buɗe hannuwa, ya ce, “Ka gani? Ina su ke?” Ƙafarsa ta kusa taka zanen matar. Ina kallo ta sa hannu ta janye bakin zanenta, ta ɗan matsa masa, kamar yadda mace ke yi in wani zai wuce ta a kasuwa. Ba ta ɗaga kai ba.

A daidai lokacin reshen ya yi kuka. Na daka masa tsawa ya fita daga wurin, ya yi tsalle ya koma baya. Reshen ya ɗan sunkuya ya tsaya. Na rataye zarto na sauko.

Ina taka ƙasa na duba. Babu tabarma, babu kowa. Busasshiyar laka ce da sawun takalmin Labbo. Na durƙusa na shafa wurin, ko danshi babu. Labbo yana tsaye yana dubana irin duban da ake yi wa wanda zazzaɓi ya taɓa wa kai. Ya ce in sha ruwa in zauna. Na sha, na wanke fuska, na yi addu'o'in da na sani, na sake hawa. Ina kaiwa gwafar da na tsaya ɗazu na leƙa. Suna nan yadda na bar su.

Da na sake saukowa na tarar Malam Cindo ya zo. Bai tambayi abin da ya faru ba. Ya dubi saman maɗacin, ya dube ni, ya ce, “Su nawa na yau?”

Labbo ya ce, “Su wa, Malam?”

“Wata rana biyu, wata rana sun hi haka,” in ji shi. Ya nuna tankin ruwa da haɓa. “Ni can nika ganinsu, in na hau duba ruwa. Daga ƙasa ba a ganinsu. Tun da ruwa ya janye suna nan. Na hwaɗa ma mai wuri, ya kawo malamai anka yi karatu. Da anka watse na hau, na ishe su zaune.”

Na ce, “Su wane ne?”

“Gulbi ya ci garuruwa da yawa sama da mu. Ni dai ban tambaye su ba, su ma ba su taɓa ce mini komi ba.”

Yanzu ga inda sana'a take. Da ban fara yanka ba, da mun naɗe igiyarmu mun hau mota. Amma reshen an ci fiye da rabinsa. In mun bar shi, zai rataye a nan yana jira, kuma ba zai faɗo ba sai ranar da iska ta ga dama, wataƙila ranar da yara suka cika lilon. Ba a barin reshe da rabin yanka. In kuma na ƙarasa, zan saki maɗaci a kan mutanen da idona yake gani. Ko su mene ne, hannuna ba zai yi wannan ba. Na gaya wa Labbo haka.

Ya daɗe yana kallon wurin da babu komai. Sannan ya ce, “Hau. In ka kai, ka hwaɗa min inda su ke.”

Na hau. Labbo ya gyara hularsa, ya kakkaɓe rigarsa, ya matso a hankali. Ya yi sallama yana fuskantar lilo. Na ce masa, “Damanka. Juya kaɗan. To, ga su gabanka.” Ya rage tsawo kamar yadda ake yi wa manya, ya ce da busasshiyar ƙasa, “Salamu alaikum. Baba, Inna, ku yi hanƙuri. Aiki anka sa mu, kuma iccen ga nauyi garai. Don Allah ku ɗan gusa, in mun ƙare ku dawo wurinku.”

Sai tsohon ya ɗauki malafarsa ya sa a kai. Matar ta ɗauki kwanonta. Suka miƙe ba gaggawa, tsohon ya kama bakin tabarmar yana ja, tana barin baƙin sawu a ƙasa wanda ke bushewa nan take. Suka tafi suka shimfiɗa ta a gindin kanya, daidai inda igiyarmu take naɗe, suka zauna suka fuskanci gulbi.

Labbo ya ce, “Sun tashi?”

“Sun tashi.”

“Ina sunka koma?”

Na ƙasa ba ya yi wa na sama ƙarya, na sama ma haka. Na ce, “Gindin kanya. Inda za ka tsaya.”

Ya juya ya dubi kanyar. Ya dubi sauran itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ya san abin da na sani, babu wadda za ta yi. Reshen ya sake yin kuka, wannan karon ya fi tsawo. Malam Cindo ya ja da baya har jikin katanga. Labbo ya ce bismillahi, ya taka ya tafi. Ina kallo ya hau kan tabarmar da ba ya gani, ya tsaya tsakanin tsohon da matar, ya kwance ƙullin igiyar, ya naɗe ta a hannu, ya kafa ƙafa. Kafaɗar tsohon tana gogar gwiwarsa.

Na ce, “Ƙasa?”

Labbo ya ɗago kai. “Kai ka gani, Manu. Kai za ka hwaɗi.”

Na duba ƙarƙashin reshen da kyau, na ce, “Hili.” Ranar ce kaɗai a rayuwata da na sama ya ba kansa hili.

Na ƙarasa yanka. Reshen ya tsinke, igiyar ta miƙe ta yi ƙara a jikin gwafa, kanyar ta girgiza. Labbo ya riƙa saki kaɗan-kaɗan, reshen yana juyawa a iska yana nisantar lilo, har ya kwanta a ƙasa kamar an ajiye shi da hannu. Ban taɓa ganin ya sauke reshe da kyau irin na ranar ba. Mutanen nan biyu ko motsi ba su yi ba.

Da na sauko na same shi zaune a kan benci, nesa da kanyar, yana murza ƙafafunsa. Ya ce tun da ya tsaya a wurin yake jin sanyi yana hawansa daga tafin ƙafa, “kamar ina tsaye cikin gulbi da asuba.” Na duba ƙafar wandonsa. A jiƙe take har ƙauri, kuma tana warin laka. Muka daddatse reshen, muka yi sauran ƙananan itatuwan da ke bakin katanga, waɗanda tsani ke isa. Ban sake hawa sama sosai ba ranar. A mota muna komowa Birnin Kebbi, Labbo ya ce kada in ba matarsa labari, ya kuma ce gobe akwai mangwaron wani gida a Gesse, in zo da wuri. Mun ci gaba da aiki tare har ƙarfinsa ya ƙare.

Bayan aski irin wannan ana komawa a duba, don wani lokaci sauke babban reshe yana sa na kusa da shi ya raunana. Washegarin Sallar nan na koma Argungu ni kaɗai, da la'asar. Lambun ya cika maƙil. Masu sayar da ƙanƙara da tsire a bakin ƙofa, 'yan mata da lalle suna ɗaukar hoto, lilo yana ta kai da kawo, hayaniya har ba ka jin na kusa da kai. Ba zan iya hawa icce a cikin taro ba, sai Malam Cindo ya ce mu hau tanki, daga can ana ganin kan kowane icce.

Muka hau tsanin ƙarfen, yana gaba ina biye. Na dudduba rassan, ban ga abin tsoro ba, yankan ya bushe da kyau. Sannan na dubi ƙasa. Duk inda inuwa ta faɗa a lambun nan akwai iyali a zaune, tabarma na gogar tabarma, wasu ma a rana suke sun rasa wuri. Amma a gindin maɗacin, inda inuwar ta fi kauri, akwai wani fili da zai ɗauki tabarma biyu ko uku, babu kowa a cikinsa. Ba a kewaye shi da igiya ba, ba a sa alama ba. Na ga wani magidanci ya nufo wurin da tabarma a hammata, iyalinsa na biye, ya zo har bakinsa, ya ɗan tsaya, sai ya karkata ya tafi ya shimfiɗa a rana. Na ga yara suna tsere, suna zuwa wurin sai su rabu biyu su zagaye shi su haɗe a gaba, ba tare da sun daina dariya ba.

Ni ban ga kowa a cikin filin ba wannan karon. Na ce, “Malam Cindo, sun tafi ke nan?” Na ɗaga hannu zan nuna wurin.

Ya kama hannuna ya mayar da shi ƙasa da ƙarfi. Idonsa yana kan filin, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

“Kak ka nuna. Yau sun hi kullum yawa. Kuma tsohon ya ɗaga kai, mu shika kallo.”

Na juya na kama tsani. Na sauko ina duban ƙarfen da ke gaban hancina, matakala bayan matakala, har ƙafata ta taɓa ƙasa. Na bi ta jikin katanga na fita, ban bi ta tsakiyar lambun ba.